Gicciye a Gaban Alƙibla: Yadda Ginin Ibada Ke Magana a Harabar Jami'a

A shekarar 1986 Jami'ar Ibadan ta faɗa cikin wata rigima da ba ta shafi kuɗin makaranta ko yajin aikin malamai ba. A kan gicciye aka yi ta. Majami'ar 'yan Furotesta ta jami'ar, wadda ake kira Chapel of the Resurrection, tana da wani dogon gicciye na kankare da ke tsaye a fili tun shekarun 1950. Ana nan sai Musulmin jami'ar suka gina sabon masallaci a kusa, da aka ja sahu aka fuskanci alƙibla kuwa sai ga gicciyen a gaban masu salla. Musulmi suka ce a kawar da shi ko a matsar. Kiristoci suka ce masallacin ne ya zo ya tarar da shi, shekara talatin yana tsaye ba wanda ya ce uffan. Magana ta yi zafi har ta tsallake katangar jami'a ta shiga jaridu. A watan Mayun wannan shekara wasu suka faki ido suka cinna wuta ga sassaƙen itace na Almasihu da ke majami'ar, aikin hannun shahararren masassaƙin nan Ben Enwonwu. Daga ƙarshe, a zamanin shugabancin Farfesa Ayo Banjo, gicciye ya tsaya inda yake, masallaci ma ya tsaya inda yake, aka gina kariya a tsakaninsu don ta tare idon mai salla.

Na daɗe ina juya wannan labari a raina, domin kusan duk abin da mutum zai so ya fahimta game da ginin ibada a makaranta yana cikinsa. Gicciyen nan ko taku ɗaya bai gusa ba. Siminti ne da rodi, yadda aka kafa shi haka yake. Abu biyu ne suka sauya, wato inda ido ke tsayawa ya kalle shi, da kuma halin da ƙasa ke ciki. A watan Janairun 1986 ne labari ya ɓulla cewa gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigar da Najeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, zukata suka yi tsami ta kowane ɓangare, kuma a irin wannan lokaci kowace alama nauyinta ninkuwa yake yi. Shekara guda da 'yan watanni bayan haka sai ga rikicin Kafanchan a watan Maris na 1987. Shi ma daga Kwalejin Ilimi ya faro, ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙona wuraren ibada masu yawa. Wanda ya tashi hucewa a kan mabiya wani addini, gininsu yake fara nufa, don ya san ginin nan su ne a tsaye.

Abin da na fahimta shi ne, ginin ibada a jami'a da baki biyu yake magana. Baki ɗaya na 'yan gida ne: gicciye, jinjirin wata, mihrabi, mumbari, bagade, ayar da aka zana a bango. Wanda bai taso cikin addinin ba yana ganinsu, amma ba sa taɓa masa zuciya yadda suke taɓa mai su. Ɗaya bakin kuwa kowa na jinsa ko da bai taɓa taka ƙofar ba: a ina aka ajiye ginin, wa ya fi wa tsawo, ina ya juya fuska ina ya juya baya, akwai inuwa da ruwa a gefensa ko babu. Duk wata ma'ana da ɗaliban addinai daban-daban za su iya tarayya a kanta, daga wannan baki na biyu take fitowa. Ɓacin rai ma galibi daga nan yake tasowa, sai dai a ɗora wa alama laifi saboda ita ce a sama, ita ake gani.

Mu fara da wuri, tunda shi ne ya haɗa Ibadan faɗa. Tsofaffin cibiyoyin ilimi ba su san wannan matsala ba, saboda a cikin ɗakin ibada aka haife su. Ƙarawiyyin ta birnin Fas masallaci ce da Fadimatu al-Fihriyya ta kafa a 859, Azhar ta Alƙahira masallaci ce da aka fara ginawa a 970, haka Sankore ta Tambutu. A nan gida, Katsinawa sun riƙe cewa Gobarau masallaci ce kuma makaranta, hasumiyarta ce ta rage mana a yau. Malami ya jingina da ginshiƙi, almajirai su kewaye shi, idan lokaci ya yi a rufe littafi a ja sahu. A Ingila ma, Sarki Henry na Shida ya aza harsashin majami'ar King's College ta Kembirij a 1446, kuma har gobe ita ce hoton da ke zuwa wa mutum in an ambaci wannan jami'a. Jami'ar Duke ta Amurka, a farkon shekarun 1930, ta dasa majami'arta a tsakiyar haraba da hasumiya mai tsawon kusan mita 64, yadda hanyar shiga ke kai ka gabanta kai tsaye. Ba sai an rubuta a allo ba, ɗalibi ya san a ƙarƙashin inuwar wa yake karatu.

Thomas Jefferson ne ya yi wa wannan tsari tawaye a fili. Da ya kafa Jami'ar Bajiniya a 1819, sai ya ɗauko siffar wani tsohon ɗakin bauta na birnin Rum, mai zagaye da ƙubba, ya kafa a kan gaba inda aka saba ganin coci, ya cika shi da littattafai. Laburare ya hau kujerar majami'a. Jami'o'inmu na zamani wannan layi suka biyo. Ibadan, wadda aka buɗe a 1948, wasu Turawan Ingila mata da miji, Maxwell Fry da Jane Drew, su suka zana manyan gine-ginenta, kuma abin da ya miƙe a tsakiyarta hasumiyar agogo ce kusa da zauren Trenchard. Ina ganin wannan ba ƙaramin saƙo ba ne. Aikin da ladan da ƙararrawar coci suka yi ta yi na ɗaruruwan shekaru, wato sanar da jama'a lokaci, agogo ne ya karɓe shi. Addinai kuma aka yanka musu filaye a gefe, ga na Furotesta, ga na Katolika, ga na Musulmi, maƙwabtan juna. A takarda wannan adalci ne. Sai dai masallaci ba kamar ɗakin lacca ba ne da za a juya shi duk inda fili ya ba da dama. Yana da fuska guda, kuma layin da ya tashi daga mihrabi ba ya tsayawa a iyakar filin da aka yanka.

Wani abin sha'awa a nan, tsohuwar al'adar gina coci ma gabas take fuskanta, mafitar rana. Mu kuma a ƙasarmu alƙibla gabas take, da ɗan karkata zuwa arewa, har Bahaushe ya mayar da kalmomin biyu ɗaya, ya ce wane ya kalli gabas yana nufin ya yi salla. Ke nan a harabar jami'ar Najeriya, masallaci da tsohon coci kan iya kasancewa suna duban nahiya guda. Abin tarayya ne da ba kasafai ake kawo shi a zance ba.

Su kansu alamomin da ake zubar da jini a kansu, yawancinsu daga baya suka zo. Masallacin Annabi (SAW) a Madina ba shi da hasumiya a farko, Bilal kan rufin wani gida mai tsayi yake hawa ya yi kira. Mihrabi mai lanƙwasa cikin bango sai a zamanin Halifa Walid ɗan Abdulmalik, wajen shekarar 707, lokacin da Umar ɗan Abdul'aziz yake gwamnan Madina. Ƙubbar da ke kan kabarin Annabi sai a 1279 aka gina ta farko, koren fenti kuwa sai a 1837 a hannun Daular Usmaniyya, wadda ita ce ma ta yaɗa jinjirin wata da tauraro har duniya ta ɗauke su alamar Musulunci. Babbar ƙubbar Aya Sofiya ta Santambul, wadda maginan Turkiyya suka yi ta kwaikwaya a masallatansu, ƙubbar coci ce, cocin da aka kammala a 537, fiye da shekara ɗari tara kafin a mayar da wurin masallaci a 1453. Kiristocin farko ma sun fi yin amfani da hoton kifi da makamantansa, gicciye bai zama ruwan dare a gine-gine ba sai bayan Sarki Kustantin a ƙarni na huɗu.

Ko a ƙasar Hausa abin bai daɗe ba. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a wajajen shekarun 1830, ba da doguwar hasumiya ya yi suna ba. Girmansa a ciki yake, a bakan gizon ƙasa da azara da suka tashi daga ginshiƙai suka haɗe a sama. Ƙubba mai sheƙi da tagwayen hasumiyoyi irin na Gabas ta Tsakiya sun samu gindin zama ne da sabon masallacin Juma'a na Kano a farkon shekarun 1950, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Yau yaron da ya shigo aji ɗaya a jami'a in bai ga ƙubba da koren fenti ba sai ya tambaya ina masallaci. Ban kawo wannan don in rage wa alamomin daraja ba. Wanda ya tashi yana ganin jinjirin wata a kan masallacin unguwarsu, ƙaunar da yake masa ta gaske ce, haka mai gicciye. Na kawo ne don a ga cewa ma'anar alama aba ce da jama'a suka koya suka kuma yarda da ita a tsakaninsu, kuma abin da aka koya ana iya koya wa maƙwabci yadda zai karanta shi.

Amurkawa sun sha fama da tambayar wane irin ginin ibada ne zai dace da ɗaliban addinai daban-daban bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jami'o'insu suka cika da Katolika da Yahudawa bayan a da 'yan Furotesta ne suka mamaye su. Amsar da ta fi burge ni ita ce ta jami'ar fasaha ta MIT a jihar Masacusets, ɗakin ibadar da Eero Saarinen ya zana aka buɗe a 1955. Daga waje kamar rumbu yake, zagayayyen gini na jan bulo, faɗinsa kusan mita 15, tsayinsa kusan mita 9, ba taga ko ɗaya. An kewaye gindinsa da siririn tafki marar zurfi. A ƙasan bangon akwai ƙananan bakuna, ta nan hasken rana ke dukan ruwa ya yi tsalle ya shiga ciki, ya riƙa rawa a jikin bulo daga ƙasa. Daga sama kuma an huda rufin da zagayayyar kafa, haske ya sauko a kan wani farin dutse mai kusurwa huɗu. Wani maƙeri mai fasaha, Harry Bertoia, ya rataya siraran sandunan ƙarfe daga kafar zuwa ƙasa, ya manna musu ƙananan faya-fayai, sai hasken ya zama kamar yayyafi yana zubowa. Babu gicciye a bango, babu tauraro, babu wata.

Saarinen ya cire bakin 'yan gida gaba ɗaya, ya bar abin da addinan suka yi tarayya a kai. Ruwa a bakin shiga, wanda Musulmi zai tuna alwala, Kirista ya tuna baftisma. Haske daga sama, wanda mai karanta Suratun Nur da mai karanta Linjilar Yohanna kowa yana da abin da zai tuna. Da kuma rabuwa da hayaniyar waje, tunda mutum ta wani dogon soro yake bi kafin ya isa ciki, kamar yadda zaure ke raba titi da cikin gida. Amma in faɗi gaskiya, ɗakin ya fi dacewa da mutum ɗaya da ya zo ya natsu fiye da jama'a. Zagayayyen ɗaki ba ya nuna alƙibla, sahu yana son miƙaƙƙen bango, kuma farin dutsen can da kujerun da ke dubansa tsarin coci ne ko da an cire masa suna. Wanda ya ce ya gina ɗakin kowa da kowa, a duba da kyau, galibi addinin da ya taso a ciki yana nan a kwance cikin tsarin.

A wannan shekara ta 1955, 'yan kilomitoci kaɗan daga nan, Jami'ar Brandeis ta bi wata hanya. Yahudawan Amurka ne suka kafa ta a 1948, ƙofarta a buɗe ga kowa. Maimakon ɗaki ɗaya sai ta gina uku a bakin tafki guda, na Yahudawa, na Katolika, na Furotesta, kusan kai ɗaya a girma da kama. Abin da jami'ar ke yawan faɗa shi ne an jera su yadda inuwar wani ba za ta faɗa kan wani ba. Wannan tunani yana taɓa ni ƙwarai, don shi ne ainihin abin da aka rasa a Ibadan, wato a zauna tun kafin a haƙa harsashi a tambayi me ginina zai yi wa naka. Sai dai lissafin uku ne, na Amurkar wancan lokaci. Da Musulmi da mabiya addinan Asiya suka yawaita, ɗakunansu a wasu gine-gine aka samar musu, ba a bakin tafkin ba. Makarantar horar da hafsoshin sojan sama ta Kolarado kuwa, a ginin da aka kammala a 1962 mai tsinaye 17 na alminiyum, ta tara kowa ƙarƙashin rufi ɗaya, amma 'yan Furotesta ne a bene da kujeru 1,200, Katolika a ƙasa da 500, Yahudawa da 100, ɗakunan sauran addinai suka biyo daga baya. Rufin yana cewa mu ɗaya ne, matakalar bene kuma tana faɗin wane ne babba.

Ni dai inda na fi ganin wannan tarayya da idona, ba a jikin wata ƙubba ba ne. A jami'ar da na yi karatu, a nan Arewa, abokin ɗakina Kirista ne. Ran Juma'a in mun fito daga laccar ƙarfe goma sha biyu, hanyar hostal ta gaban masallaci ta bi. Tabarmi sun malalo har kan kwalta, takalma sun taru tsibi-tsibi a bakin ƙofa, butoci na zagayawa daga hannu zuwa hannu, masu turare da asuwaki da dabino sun baje kaya. Sai ya karɓi littattafaina ya ce, "Malam, je ka yi, ina nan gindin dogon yaro." Ba ya ratsa sahu, zagayawa yake yi ta baya, kuma ba wanda ya taɓa koya masa a aji. Jerin takalman nan sun gaya masa cewa daga nan ƙasa ta zama wata iri. Idan famfon hostal ya ƙafe, a famfunan alwala yake cika bokitinsa, ba wanda ya taɓa ɗaga masa gira. Ni ma lokacin jarrabawa na sha zama a dakalin bayan cocinsu da rana tsaka, don nan ne inuwa ta fi sanyi kuma ba hayaniya. In an ce "mu haɗu a bakin masallaci" ko "ka sauka a kwanar coci", kowa ya gane, ko mai addinin ne ko ba shi ba. Gine-ginen sun zama namu duka ta wannan fuska, alhali kowa ya san inda yake sujada ko durƙuso.

Inda muka cuci juna kuwa, a lasifika ne. Akwai daren da masu addu'ar kwana suka saki ganguna har asuba ina da jarrabawa ƙarfe takwas, akwai kuma daren da na ga abokina ya danne kansa da matashi saboda wa'azin da aka juyo da bakin lasifikarsa saitin tagarmu. Kowannenmu ya ji kunyar ɗan'uwansa a daren da abin ya fito daga nasa ɓangaren. Hasumiya da ƙararrawa an yi su ne don muryar da ke da iyaka, tana kai wa unguwa ta tsaya. Na'ura ta cire wannan iyaka, sai ginin ya zama ya fi filinsa girma sau goma. Duk mai tsara harabar jami'a a yau da ya auna tsayin hasumiya bai auna nisan sauti ba, rabin aikin ya yi.

Wannan ya dawo da ni kan kariyar Ibadan. Wasu na ganinta tabon rauni, shaidar cewa masu digiri sun kasa haƙuri da ganin alamar juna. Akwai gaskiya a ciki. Amma duk wanda ya yi karatun Ahalari ko Ishmawi a zaure ya san maganar sutura, abin da liman ko mai salla shi kaɗai ke kafawa a gabansa, ko sanda ce, don abin da ke wucewa ta bayanta kada ya shafi sallarsa. Fiƙihu bai ce a share duk abin da ke tsakaninka da Makka ba, in da haka ne da ba a yi salla a ko'ina ba. Cewa ya yi ka shata iyakar wurin sujadarka. Kariyar da aka gina ta yi wa Musulmi magana da harshen da suka sani, ta kuma bar wa Kirista gicciyensa a inda iyayensa suka kafa shi. Ba don tana da kyau aka karɓe ta ba, an karɓe ta ne don ɓangarorin biyu sun karanta ta da ma'ana ɗaya, cewa nan nawa ya tsaya, nan naka ya fara.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda abin ya kasance mai sauƙin gani tun farko. Da igiya da turke da na'urar duba alƙibla, da an tsaya a filin kafin a zuba kankare an miƙa hannu gabas, da an ga abin da ke can. Da ni aka tambaya a lokacin, da bishiyoyi zan ce a jera a tsakani, dogon yaro ko mangwaro, su tare ido su kuma ba da inuwar da ɗalibin da ya fito daga salla da wanda ya fito daga sujadar Lahadi za su zauna ƙarƙashinta su yi bitar darasi. Sai dai bishiya tana son shekaru kafin ta yi kai, a Ibadan ta 1986 kuwa an riga an cinna wa sassaƙen Enwonwu wuta, siminti ne kawai zai bushe cikin mako guda.